Inda na samo ilimin sana'ar man gyaɗa

A watan Oktoban 2021, bayan na shafe watanni ina yawon kai takardun neman aiki a ofisoshin Kano, na haƙura na yanke shawarar kama sana'ar man gyaɗa. Jarina bai taka kara ya karya ba: 'yan kuɗin da na tara a lokacin hidimar ƙasa, sai kuma ɗaukar adashen mahaifiyata, wanda ta miƙo mini a ƙulle cikin leda ba tare da ta ce uffan a kan ranar biya ba. Shirun nan nata ya fi kowace takardar bashi nauyi a wuyana.

Da yake ni ɗan boko ne, sai na fara neman bayani a inda 'yan boko ke nema, wato intanet. Ba zan yi butulci ba, na ƙaru. A nan na san cewa Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, CAC, ita ke yi wa sunan sana'a rajista, kuma mutum na iya cike takardun da kansa a shafinta. Na san da SMEDAN, hukumar da aka kafa a 2003 domin bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Na gano cewa abincin da aka ƙulla a mazubi domin kai wa kantuna yana buƙatar lambar NAFDAC. Na kuma karanta labarin rancen AGSMEIS na Babban Bankin Najeriya, wanda a wancan lokacin ake nema ta bankin NIRSAL bayan an halarci horo. Sai dai kusan duk wannan bayani da Turanci yake, alhali mafi yawan masu matsar man gyaɗa a ƙasar Hausa mata ne da ke cikin gidajensu, waɗanda rediyo ce jaridarsu. A tsakanin bayanin da masu buƙatarsa akwai wawakeken rami, kuma a cikinsa 'yan damfara ke kiwo.

Ni da nake karanta Turancin ma ban tsira ba. Wani mutum mai tsafta da daɗin baki, da na haɗu da shi a shagon buga takardu, ya ce yana da hanu a sama, zai sa sunana cikin waɗanda za a ba rance kafin ƙarshen shekara. Na ba shi Naira dubu 20 na "fom", ya jefa ni cikin wani zauren WhatsApp mai cike da masu jira irina. Bayan mako uku zauren ya ɓace, lambarsa ta daina shiga. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gida.

Asarar da ta fi wannan ciwo kuwa da hannuna na sayo ta. Na tafi Kasuwar Dawanau a farkon kaka, na ga gyaɗa ta yi araha, na sayi buhu shida ina ta yaba wayona. Na karanta cewa amfanin gona ya fi sauƙi da kaka, kuma gaskiya ne. Abin da ban karanta ba shi ne sabuwar gyaɗa na ɗauke da danshi. Da na kai wa mai inji, man da ya fito bai kai abin da na lissafa a takarda ba, kuma sai kumfa yake yi a kan wuta. Buhu biyu da na jingine a ɗaki suka fara fumfuna. Tunkuzar da ta rage kuma na sayar wa masu kiwo a kan farashin da suka ga dama, domin a ganina dusa ce kawai.

Mahaifiyata ce ta ga na rame, ta ce, "Wai kai ka je ka gaida Gwaggonka kuwa tun da ka fara wannan abu?" Ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a Kurna, kuma tun kafin a haife ni take matsar mai tana suyar ƙuli-ƙuli. Da wannan sana'a ta aurar da 'ya'ya mata huɗu. Sau nawa na ci ƙulinta ina yaro, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa ita ce masaniyar da nake nema ba. Digirin da nake taƙama da shi ya sa na ɗauka ilimin kasuwanci sai a ɗakin taro mai sanyi.

Na je mata da gyaɗar a leda. Da yake sunan mahaifinta gare ni, Babana take kirana. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta tofar, ta ce, "Babana, ruwa ka sayo da kuɗin uwarka. Busasshiyar gyaɗa ƙara take yi a haƙori." Da na gaya mata yadda na yi da tunkuza sai ta riƙe baki. Ta ce mai yana mayar maka da kuɗinka ne kawai, ribar tana cikin ƙuli, kuma wanda ya sayar da tunkuza ɗanya ya yi wa wani noma. A yini ɗaya ta koya mini abin da wata biyu na bincike bai ba ni ba: a jira iskar hunturu ta gama busar da gyaɗa kafin a tara da yawa, kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, a tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko take ɗaci, suya kuma idan ta wuce kima ta ɓata launin mai. Game da bashi ta ce kada in ba mai shago jarka ta biyu sai ya biya ta farko, ko da limamin unguwa ne.

Sannan ta haɗa ni da dillalin da ta yi shekaru tana sayayya a hannunsa a Dawanau. Dattijon bai buɗe mini ciki a ranar farko ba. Sai da na yi makonni ina zama a bencinsa, ina taya shi ƙirga buhuna, kafin ya fara nuna mini yadda ake soka buhu a duba ƙasansa, da yadda ake gane wanda aka yi wa ado da kyakkyawar gyaɗa a sama. Na lura ’yan kasuwa ba rowar sani suke yi ba. Suna dai so su ga ko mai tambayar zai daɗe, domin sun sha ganin irinmu mun zo da zafi mun tafi da damina.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a yi watsi da hukumomi. Gyaɗar nan mai ɗaci da Gwaggo ke zubarwa, a karatuna na gano tana iya ɗauke da gubar da ake kira afulatoksin, mai illa ga hanta, kuma da na gaya mata ta ƙara tsananta tsinta. Rajistar CAC da na zauna na yi da kaina ita ta ba ni damar buɗe asusun banki da sunan sana'ata. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin Naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, cinikin Gwaggo ya tsaya cak domin masu sayen ƙulinta ba su da tsaba a hannu. Ta asusuna aka riƙa turo mata kuɗinta har ƙura ta lafa. Lambar NAFDAC kuwa har yau ban nema ba, domin ban mallaki keɓantaccen wurin aiki da ya cancanci a zo a duba ba, don haka cinikina ya tsaya ga masu abinci da masu shaguna na unguwa.

Sai da na yi shekara biyu kafin na mayar wa mahaifiyata kuɗin adashenta. Ta ƙirga, ta cire wani abu ta ce in kai wa Gwaggo tukuici. Da na kai mata, ta sa a ƙarƙashin tabarma, sannan ta ce, "Babana, wannan takarda taka ta gwamnati da ake buɗe asusu da ita, tsohuwa ma ana yi mata?" Na ce ana yi. Ta ce to in zo ranar Asabar da na'urata, amma in bari sai bayan la'asar, idan ta sauke suya.