Yaron Shago

Wanda bai taɓa zama yaron shago ba, ba zai san ciwon ka gama aiki a yaba wa wani ba. A rumfar walda na yi ƙuruciyata, a Mararrabar Rido, lokacin da harshen wutar matatar mai, wadda aka buɗe a 1980, ke haska mana dare. Ƙyaure da taga muke yi, sai murhun gawayi daga tsofaffin ganguna. In kasuwa ta yi sanyi, maigidanmu kan tara guntayen rodi da sarƙar babur ya haɗa zakara ko doki. Mu ke yanka, mu ke gogewa, mu ke riƙe ƙarfe yana ɗiga wuta, mu kwana idanu na ruwa kamar an watsa musu yashi. Mai saye ya zo ya ce, "Oga, hannunka da albarka." Mu ko kallo.

Wannan ya sa na ajiye tabarau na koma aikin biro. Baba bai hana ni ba, dama ya ce dokin nan ya yi kusa da gunki.

Sai daga baya na ga yadda manyan wannan sana'a ke aiki. El Anatsui, ɗan Ghana da ya zo koyarwa Nsukka a 1975, matasa ne cike da ɗakin aikinsa, suna daddale marafen kwalaben giya, suna hudawa, suna ɗinkewa da wayar tagulla. A 2023 aka rataye aikinsa a babban zauren Tate Modern da ke Landan, da sunansa shi kaɗai. Sokari Douglas Camp, haifaffiyar Buguma, ita ma a Landan take, kuma walda take yi irin tamu. Ko a nan gefenmu, marigayi Danlami Aliyu ya je Ingila ya zauna a masana'antar tukwanen Michael Cardew kafin a kafa ta Maraba. Shi ma yaron wani ne kafin ya yi suna.

Ban ce adalci ne ba. Har gobe ina ganin ya kamata a ambaci yara. Amma ba banza masu sassaƙa a Turai ke haɗa kuɗi su kama tsohon sito su raba injin walda ba. Ƙarfe ba ya ɗaguwa da hannu biyu, kuma rabin abin da na iya, daga yaron da ke tsugune kusa da ni na ɗauka, ba daga oga ba.

Shi wannan yaron bai bar sana'ar ba. Yanzu yana da rumfarsa a Sabon Tasha, da yaransa. Na tambaye shi ko yana gaya wa masu saye wanda ya yi aikin. Ya yi dariya, ya ce yaran yanzu ba sa jiran oga: kafin fenti ya bushe sun sa hoton a Facebook da lambar wayarsu.