Abba, Ka Buɗe Akwatin Nan

Samaru, Zariya,
daren Lahadi, cikin Agusta.

Abba,

Ina fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, sai yawan karatu da kewarku. Na ji masararmu ta fara goyo, Allah ya kai mu kaka lafiya.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali jiya-jiya muka yi waya. To, in na kira, ƙannenka ne ke wawar wayar, kai kuma ba ka wuce "to Baba, to Baba". Takarda kuwa za ka ninke ta ka sa a aljihu, ka sake dubawa a bakin gona. Zan ba direban da ke lodin Kano ya ajiye ta wajen mai shayin nan na Kwanar Ɗangora. Duk ranar da za ka je can, ka kula da tsallaka titi, don tun da aka gyara shi motoci ba sa rage gudu.

Ka san abin da ya raba ni da ku a hutun nan. Mu malaman da ke neman ƙarin karatu, sai ɗalibai sun tafi dogon hutu muke samun sararin zama ɗalibai, shi ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta ware mana wannan lokacin. In mun fito daga aji, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim nake wucewa. Abba, ginin nan hawa-hawa ne, ko'ina ka waiga kantocin littattafai ne sun fi tsayinka, sai ka bi lamba kafin ka gano wanda kake nema. Ba ka jin komai sai ƙarar fanka da buɗe shafi. Duk shigar da zan yi sai ka faɗo mini a rai, kai da ba ka barin wata takarda ta shigo gidanmu ba ka karance ta ba, har wadda aka ƙunso ƙosai a ciki.

A Kano ma akwai ɗakin karatu na jama'a, wanda aka sa wa sunan Murtala Muhammad, a titin Ahmadu Bello. Ɗan birni, in iyayensa na da hali, hutunsa a tsare yake: wani lesin, wani koyon kwamfuta, wani ɗinki ko gyaran waya, wani ya wuni a laburare. A ƙasashen Turawa ma hukumar gari ce da kanta take tsara wa yara hutu, ta buɗe ɗakunan karatu da filayen wasa, ta nema wa matasa ɗan aikin yi, kuma a lissafinsu kuɗin tsaro suka kashe. Wani malaminmu ya kawo mana misalin Shikago ta Amurka. A 2012 an ba wasu 'yan sakandare na unguwanni masu yawan rikici aikin hutu na mako takwas. Da aka bi sawunsu wata 16, sai aka ga yawan kama su da laifin faɗa da zubar da jini ya yi ƙasa da na 'yan'uwansu da ba su samu aikin ba da kashi 43 cikin ɗari. Aikin mako takwas kacal.

Mu namu tsarin Allah ne ya yi mana, da ya sa hutunmu ya faɗo tsakiyar damina. Daga Bebeji har Doguwa, yaron da ya isa riƙe fartanya ba ya rasa abin yi da safe. Ba na raina wannan, kai ma kada wani ɗan birni ya sa ka raina shi. Wanda ya iya zuba taki a gindin masara bai ƙona ta ba ya san abin da ba a rubutawa a allo. (Famfon feshi ne dai ban yarda ka goya ba, ka bar wa Baffanka, kuma kada a zuba ruwan sha a robar maganin ciyawa ko an wanke ta.) Da la'asar kuma ga Islamiyya. Amma ka lura da abin da ya rage a tsakani. Daga dawowa gona zuwa kiran la'asar, maza sun gaji sun kishingiɗa, mata suna fama da murhu da ɗanyen itace. Sai kuma Alhamis da Juma'a, ba allo ba Islamiyya. Tun da na fara koyarwa, kusan duk mummunan labarin yaro da ya iske mu a hutu, a irin wannan lokacin ya faru.

Dare yana da masu gadinsa. Kana jin usur ɗin 'yan sintirinmu bayan isha, da tocila da gora, kowane gida kuma yana ba da abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata don batir da shayi. Mai unguwa ya hana a sauki baƙo sai an kai shi ƙofar gidansa. Allah ya saka musu, tun da suka tsaya aka daina kwance mana awaki a turke. Sai dai aikinsu daga isha ne zuwa asuba. Tsakar rana ba ta da ɗan sintiri.

Kana ƙarami lokacin, ba lallai ka tuna ba. Akwai wani yaro ɗan ajina, shi ke goge mana allo don ya fi kowa tsawo. Ran wata Alhamis suka tafi wanka ramin nan da masu bulo suka haƙa a bayan gari. Da rani kowa ya san zurfinsa, a gefensa ma ake buga ƙwallo. Da ruwa ya cika shi sai ya shafe, baki da tsakiya duk ɗaya a ido. Abokansa da suka ga ya nutse, tsoron duka ya sa suka kwashi rigunansu suka watse, ba wanda ya buɗe baki sai bayan magariba da uwarsa ta fito nema. Takalmansa na roba muka fara gani a bakin ruwa, a jere, ya ninke rigarsa ya ɗora a kai don kada ta ɓaci. Da aka koma makaranta a Satumba na daɗe ina tsallake sunansa a rajista, hannuna ya kasa soke shi.

Don haka kada ka shiga ruwan da ba ka ganin ƙasansa. In kuma wani abu ya faru a gabanka, ka ruga ka faɗa wa babba, ko da kai ma kana da laifi a ciki. Na yi maka alkawari, ba zan taɓa ka ba a kan gaskiyar da ka kawo da wuri.

Na san samarin unguwa suna haɗa kuɗin mai su hau babur su tafi Tiga, na kuma san ranka yana biyawa. Wurin ya isa a je kallo. Zamanin Gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano a nan, aka gama a 1974, a shekarun farin nan da kakarka take ba ku labari. Ruwansa ne ke bin magudana har Kadawa da Kura, shi ke raya shinkafa da tumatir da alkamar rani. In na dawo ni zan kai ku da kaina, mu ci soyayyen kifi, mu biyo ta Bagauda ka ga makarantar horon lauyoyi. Amma ban da iyo. Magudanar da kake gani kamar ba komai, gefenta siminti ne mai santsi, wanda ya zame ba ya samun abin kamawa. Ga kuma tsargiya. Wasu ƙananan katantanwa da ke cikin ruwan da ba ya gudu sosai su ke renon tsutsarta, ta huda fata ta shige ba ka ji ba, sai can daga baya yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Za ka ji wasu suna cewa alamar girma ce. Ciwo ne, yana lalata mafitsara, kuma maganinsa ƙwaya ce da akan raba a makarantu kyauta. In ka gani a jikinka, ko wani ƙanenka ya gaya maka, kada kunya ta hana ka faɗa wa mahaifiyarka.

Ɗayan abin da ke hana ni barci shi ne majalisar nan ta bayan tasha. Ba a farawa da sunan shaye-shaye, Abba. Da sunan maganin gajiya ake farawa: a miƙa wa yaro tiramol a ce ya haɗiya zai wuni yana noma bai ji a jikinsa ba. Gaskiya ne ba zai ji ba ran nan, sai ranar da ya nema ya rasa. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwaya da sholisho da wiwi ba su bar bakin titi ba. Ba sai ka yi nisa ba, makarantar gyaran tarbiyya ta gwamnatin jiha tana nan Ƙiru, a ƙaramar hukumarmu, kuma waɗanda ake kawowa 'ya'yan mutane ne kamarka, da yawansu sun fi ka gata. Ban yarda ka yi musu dariya ba, ban kuma yarda ka zauna inda suka faro ba. Gidan kallon ƙwallo na bar ka ka je wasan rana, tunda na san an dawo kakar wasa, amma magariba ta same ka a gida.

To, hani ya isa haka, ga aikin da zan ba ka. Akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadona, na ce wa mahaifiyarka ta ba ka makullinsa. Za ka tarar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, dukkansu daga gasar rubutun da aka shirya a nan Zariya a 1933 suka fito. Akwai Magana Jari Ce duka ukun, da Iliya Ɗan Maiƙarfi, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda nake jin sa'o'inka za su yi rububinsa. A ƙasa akwai 'yan littattafan Turanci, da ƙamus, da tsohon littafin taswira wanda har yanzu Sudan ƙasa ɗaya ce a cikinsa, sai ka gyara wa yara da baki.

Kafin ka shimfiɗa ko tabarma ɗaya, ka sa Baffanka ya raka ka ku gaida mai unguwa da liman, ku faɗa musu abin da za a yi. Daga nan, duk Alhamis bayan azahar da Juma'a bayan an sauko, ka share zaure ka fito da akwatin. Sauran ranaku ma in ka samu sarari kafin la'asar, ka buɗe. Da karatu a bayyane za ka fara, don akwai 'yan aji biyar da har yanzu ba sa iya haɗa baƙi, kuma in ka kunyata yaro sau ɗaya a gaban 'yan'uwansa ba zai ƙara leƙowa ba. Ka karanta da murya, ka canza ta in sarki ne ke magana ko wawa. In ka zo daidai inda labari ya yi daɗi, ka rufe littafin ka ce sai gobe. Za su yi maka ihu, ka bar su, gobe su za su riga ka zuwa.

Ka sami littafin rubutu ka ja layi gida huɗu: suna, gidan su wa, littafin da ya ɗauka, da rana. Aro na mako ɗaya ne, kuma ko kwabo kada ka karɓa. Lokacin da muke 'yan makaranta a Kano cikin shekarun 1990, hayar littafi muke yi a shaguna, matan aure ma su aiko yara a karɓo musu, littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya fita a ɗinke da zare. Kowa ya yi ta kukan wai littattafan soyayya ne, amma da su mata da yawa suka riƙe karatunsu bayan aure. Saboda haka in littafi ya dawo a yage, ka liƙe da ɗan kokon rogo, kada ka daki kowa. Gara dai ka kiyaye, ka ɗora akwatin a kan bulo saboda damshi.

Wannan littafin sunayen ya fi mini komai a cikin aikin. Wanda ya saba zuwa, ka ga Alhamis biyu bai zo ba, ka taka har gidansu ka ce ka zo duba shi. Wataƙila zazzaɓi ne, wataƙila an tura shi kiwo, wataƙila kuma ya sami sababbin abokai a bayan tasha. In na ƙarshen ne, ba kai za ka yi masa faɗa ba, ka gaya wa Baffanka a asirce. Ba leƙen asiri na sa ka ba. Da can kowane babba a gari ya san ɗan wane ne wannan, ya san inda ya kamata a gan shi a wannan lokacin, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne.

Kada kuma zauren ya zama na maza kaɗai. Ka ware wa 'yar'uwarka Ummi kasonta, mahaifiyarku ta yarda ƙawayenta su taru a tsakar gida, har da masu talla in sun sauke faranti. Na lura ta fi ka saurin karatu, kada ka ji haushi.

Na san aikin hukuma na ɗora maka. A makarantu da yawa na wajenmu akwai ɗakin da aka rubuta laburare a ƙofarsa, in ka leƙa karyayyun bencina ne a ciki. A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, muna fatan rabonmu ya iso har ƙauye. Amma hutun bana ba zai jira ba.

Batun zuwa Doguwa wajen Kawunka kuwa, na amince, da sharaɗi. Motar safe za ka shiga, ku ratsa Falgore da hantsi. In la'asar ta yi muku a Tudun Wada, ka sauka ka kwana wajen Gwaggo. Dajin nan tun 1949 aka keɓe shi, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 1,000, kuma ko da yake akwai sojoji a ciki yanzu, ban yarda da tafiyar dare ba. In baƙo ya tambaye ka ina ne gidan wane, ko shanun wane nawa ne, ka ce kai yaro ne, a tambayi mai unguwa. In ka ji an yi ihun ɓarawo, kada ka ɗauki dutse, don an sha kashe marar laifi a haka. Ka roƙi Kawu ya kai ka Riruwai ka ga inda aka haƙi kuza, ka kuma tafi wa 'ya'yansa da littafi biyu, ka rubuta su a littafin aro kamar kowa.

Ina jiran amsa a takarda, da rubutun hannunka, ta wajen mai shayin nan. Ka faɗa mini yara nawa suka zo, wane littafi aka fi rububi, wanne ne kuma babu, don in nemo a nan Zariya kafin in taho. Ka gaida mahaifiyarka da Baffa da kakarka, ka shafa mini kan auta. Ka riƙe sallah a kan lokaci. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini ku.

Wassalam.

Ni ne,
Babanka.