Ya ce ya san inda take kwana

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Sai da na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta, ta ce in faɗa amma kar in kama suna.

Sati uku da suka wuce, wajen sha ɗaya na dare, ina fama da babi na biyu da sufabaiza ya dawo min da shi duk jan biro, sai ga kiran wata ƙanwarmu 'yar aji biyu. Muryarta na rawa. "Yaya, don Allah da gaske ne in ka danna linki mutum zai san inda kake?" Ashe wani ne ya matsa mata a Instagram, ta ƙi kula shi. Sai ya biyo ta wani asusun daban ya turo mata linki, wai fom ɗin tallafin karatu na ɗaliban Arewa. Ta danna. Ba a yi minti goma ba ya turo mata wasu lambobi masu ɗigo a tsakani, da irin wayarta, da kamfanin layinta, ya ce yanzu ya san inda take kwana.

Ku da kuke karatu a Kudu kun san nauyin wannan maganar. A gida, yayyenka da kawunnanka suna bayan layi. A nan Ibadan kuwa, tsakaninta da gida tafiyar yini guda ce a mota. Da ƙyar aka bar ta ta zo, kuma tun rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 iyayenmu ba su gama sakin jiki da garin nan ba. Tana tsoron mutumin, amma ta fi tsoron babanta ya ji ya ce ta tattaro kayanta ta dawo.

Mastas ɗina a Jogirafi ne, ɓangaren taswira, shi ya sa ta kira ni. Na ce ta turo min abin da ya aiko. A ƙasan lambobin an rubuta wuri: Legas. Wallahi sai da na yi dariya, har ta ji haushi.

Ga abin da na bayyana mata. Duk shafin da ka buɗe yana ganin adireshin IP ɗinka, wato waɗancan lambobin. Dole ne ya gani, don in bai san inda zai maido da amsa ba shafin ba zai buɗe ba. Amma lambar ba ta gidanku ba ce, ta kamfanin layi ce. Ya ara maka ne, gobe yana iya canza ta, kuma a datar waya mutane da yawa ne suke fita da lamba ɗaya a lokaci guda. Akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce kintatar garin da kowace lamba take. A ƙasa sukan dace, a gari kuwa sai a hankali. Ku gwada yanzu ku gani, da yawanku za a ce kuna Legas ko Abuja alhali kuna Nsukka ko Akure. Ita ga ta a Ibadan, an kai ta fiye da kilomita 100.

Ba a Najeriya kaɗai ba. A 2016 aka bankaɗo labarin wata gona a jihar Kansas ta Amurka. Wani kamfanin kintace, duk lambar da ya san ta Amurka ce amma bai san garin ba, sai ya ajiye ta a tsakiyar ƙasar, tsakiyar kuma ta faɗo a gonar nan. Lambobi sama da miliyan 600. Mutanen gidan suka yi shekaru suna karɓar baƙuncin 'yan sanda da masu neman ɓarayin wayoyinsu, ba su ci ba ba su sha ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗan akwatin nan da ke fitowa yana tambaya ko ka yarda shafin ya san lokeshan ɗinka. In ka danna Allow, maganar kintace ta ƙare. Wayarka ce da kanta za ta haɗa GPS da Wi-Fi ɗin da ke kewaye da kai da turakun sabis ta miƙa wurin da kake, wani lokacin kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba. Wannan kam zai iya nuna gini. Na tambaye ta ko akwatin ya fito. Ta ce ya fito, ta danna Block saboda haushin yana tare mata fom. Na ce to je ki kwanta, burga ce kawai.

Na kwanta ina jin kaina, irin na taimaki al'umma da ilimina.

Bayan kwana huɗu ya turo mata sunan hostal ɗinsu, da launin get ɗin, da shagon mai taliya da ke kallonsa.

Cikina ya ɗuri ruwa, don ni na ce mata ta kwantar da hankali. Zargina ya fara zuwa kan hoto. Kyamarar waya tana iya binne wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin. Da haka asirin John McAfee, mai manhajar kashe bairos, ya tonu a 2012: yana gudun 'yan sandan Belize, 'yan jaridar da ke tare da shi suka sa hotonsa a intanet, mutane suka buɗe fayil ɗin suka ga yana Guatemala. Sai dai WhatsApp da Instagram suna goge wannan bayanin daga hoton da mutane ke gani, sai fa in ka tura shi a matsayin dokumen, kamar yadda muke yi don kar ya dushe. Ba ta taɓa tura masa komai ba. Muka bi saitin burauzarta, ba shafin da ta ba wa izini. Muka bi hotunanta ɗaya bayan ɗaya, babu.

Ƙawarta ce ta gano. Ta miƙo min wayarta ba ta ce uffan ba. Hoton walimar sababbin ɗalibai ne da muka yi a farkon zango. Ga get ɗin, ga shagon mai taliya a baya, ga sunan hostal a rubuce a sama, an kuma yi tagin duk wanda ke ciki. A shafin ƙungiyarmu na Facebook, a buɗe, kowa na iya gani. Ni ne mai kula da shafin. Ni na ɗora, ni na rubuta, ni na yi tagin.

Ban san sau nawa na ce mata ta yafe min ba. Ta ce, "Yaya, ai ba da gangan ka yi ba." Wannan ya fi zagi zafi.

Abin da muka yi bayan nan ba wani abin burgewa ba ne. Na sauke hoton a daren. Mun hana ta goge saƙonninsa, duk mun adana su da kwanan wata. Mun je ofishin tsaro na makaranta tare da shugabar mata ta ƙungiya, mun kuma gaya wa mai gadin hostal. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yi wa mutum barazana ta saƙo, kuma shi ma mai barazanar ba aljani ba ne: tun Disambar 2020 aka fara tilasta haɗa layi da NIN, kamfanin waya ya san mai layi ko da shafi bai sani ba. Ta gaya wa babban yayanta, shi zai san yadda zai shigar wa Baba da maganar. Zuwa yanzu dai mutumin ya yi shiru, amma har yau ba ta fita ita kaɗai bayan magariba.

Wani abokina da ya ji labarin ya ce shi ai da incognito yake shiga komai. Malam, wannan tarihin wayarka kawai yake ɓoyewa daga mai ɗaukar ta, shafin yana ganin IP ɗinka sarai. VPN yana sauya lambar, gaskiya ne, amma in ka danna Allow ya tashi a banza. Ni kaina da na duba burauzata na tarar da shafuka tara da na ba wa izini, har da na wani mai sayar da takalma da ban ma tuna na shiga ba.

Ranar Asabar a taron ƙungiya zan kawo shawarar kar a sake ɗora hoton kowa ko a yi taginsa sai da yardarsa, kuma a daina rubuta sunan hostal. Na san masu neman takara ba za su so ba, su da ke son a ga sun yi aiki. Wanda yake son a duba masa saitin wayarsa ya same ni a bakin masallaci bayan la'asar. 'Yan uwa mata kuma shugabarku ta koya, ita za ta duba muku.