Bashin Inna a Segbana

Ranar da muka yi wa Inna sutura, kafin a ta da salla, liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba yi: ko akwai mai bin ta bashi? Ba wanda ya motsa. Ni kuwa na san akwai. Tun tana kwance a asibiti ta sa kowa ya fita, ta kawar da kai wajen bango kamar yadda take yi duk lokacin da magana ta haɗa ta da ni, ta ce akwai jikka 40 na sefa na ƙawarta da ke Segbana, kada a raba ko tsinke cikin kayanta sai an biya. Ni ne ɗan farinta. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Da aka yi sadakar arba'in na kama hanya daga Birnin Kebbi. Mun bi ta Jega da Koko, muka karkata yamma, muka isa Bagudo ana kiran la'asar. A gidan Kawu na sauka, ƙanenta da suke ciki ɗaya. Ya tarbe ni a zaure, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Ya haƙuri?" in ji shi.

Na ce, "Haƙuri da godiya, Kawu."

"Allah shi jiƙan ta. Ni ta raina kafin ta raine ku."

Da dare ya ba ni labarin abin da na sani rabi-rabi. Inna tun tana budurwa take bin uwarsu fatauci. Busasshen kifi da albasa take tsallakawa da su Benin, ta sayar da sefa, ta sayo atamfa da sabulu ta dawo. Da wannan kai-kawo ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba, da shi ta biya mana makaranta. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, sana'ar ta tsaya cik. Manyan 'yan kasuwa sun sami hanyarsu, amma mata irin su Inna, masu jarin kwando biyu, jarin suka cinye. Kawu ya ce a tsakanin nan ne ta fara jin wani kullutu a nononta na hagu, ta faɗa wa matarsa, ta kuma roƙe ta da girman Allah kada yara su ji.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya yi jinyar mai ciwon daji a ƙasarmu ya san shi. Aka ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe da hayaƙi. Ba na zargin matan da suka kawo mata saiwoyi, don abin da suke da shi ke nan, kuma da ƙauna suka kawo. Maganar ce nake ƙi, wannan ta daji ba ya son allura, domin ita ke riƙe mace a ɗaki har kulluton da likita zai iya cirewa ya fashe ya zama gyambo. Sai da ƙanwata ta ga jini a zaninta wajen wanki muka sani. Likitoci suka ce ya riga ya kai ga ƙashi. Daga nan sai ƙarin ruwan magani mai zubar da gashi, da jigila zuwa Sakkwato inda ake gashi da na'ura. Mutumin Bagudo ya lissafa kuɗin mota kaɗai ya ga ko zai iya.

Da safe na hau motar Kaoje. A gadar Tuga direba ya rage gudu, Kwara ta buɗe a gabanmu, fadamun shinkafa hagu da dama, masunta na jan taru daga kwale-kwale. Mata suka yo kan motar da farantan kifi. Ɗaya daga cikinsu, dattijuwa mai goro a kunci, ta ɗaga tarwaɗa busasshiya ta ƙwanƙwasa ta da farce don in ji ta bushe sarai, daidai yadda Inna ke yi in tana gwada kifi kafin ta saya. Na saya ban yi ciniki ba.

Bayan Kaoje, garin Fulani, sai Tsamiya. Nan ne bakin iyaka. Manyan motoci a jere, 'yan canji da damin naira da sefa a hannu, 'yan kabu-kabu na kiran Segbana, Segbana. Na canza kuɗin bashin, na nuna katina ga jami'an shige da fice, na hau bayan wani yaro da ke jin Hausa da yaren Boko da ɗan Faransanci. Wannan layin iyaka Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja shi a yarjejeniyar 1898, lokacin da suka raba ƙasar Borgu, Illo ta faɗo ɓangaren Ingila. Mutanen wurin ba su daina auren juna ba, ba su daina cin kasuwar juna ba. Abin da na ga ya sauya kawai shi ne rubutun allunan hanya da kakin jami'ai, sai kuma gonakin auduga da suka yawaita, don jihar Alibori, inda Segbana take, ƙasar auduga ce.

Gidan ƙawar Inna ba ya ɓata, kowa ya san mai sayar da atamfa ta bayan kasuwa. Na yi sallama. Ta fito tana gyara ɗankwali, ta dube ni sau ɗaya, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ba ta taɓa ganina ba. Ta ce goshin ne.

Da ta natsu aka kawo ruwa da fura. Na gaishe ta, na miƙa mata kuɗin a cikin ƙyallen da Inna ke ɗaure kuɗinta. Ta ture hannuna.

"Ɗana, ka san mi ta yi da su?"

Na ce na ɗauka magani ta saya.

"Wane magani? Na ba ta don ta tai asibiti Kandi a duba ta, ta ce to. Ashe kuɗin jarrabawar autarku ta biya. Da na yi mata faɗa sai ta ce ciwo na iya jira, jarrabawa ba ta jira."

Ta ƙi karɓa, na ƙi mayarwa. Na ce mata wasiyya ce, in kin bar min su kin bar mata nauyi a kabari. Sai ta karɓa, ta ƙirga a gabana, ta ce ta shaida an biya, ta yafe duk abin da ke tsakaninsu duniya da lahira. Daga nan ta shiga ba ni labarin kaina. Ta san shekarar da na gama makarantar horon malamai, ta san ranar da na fara aiki, ta san na yi karaya a hannu ina yaro. Ta ce duk zuwan da Inna za ta yi, kafin a kwance kaya sai an yi hirar "wannan yaron". Matar da ba ta iya haɗa ido da ni a tsakar gidanmu, a nan ƙetaren iyaka take sakin baki.

Muna cikin haka matan gidan suka taru. Tambayarsu ɗaya: yaya ciwon ya fara? Da na so in yi nauyin baki, don ba maganar da namiji ke yi gaban iyaye ba ce, amma kunya ta riga ta ci mana mutum ɗaya. Na faɗa musu kullutu ne da ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. Na ce yanzu a Kebbi ana maganar a fili, tun da Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamna, ta sa gidauniyarta ta Medicaid gaba wajen gwajin mata, kuma a Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta. Ta nono ba ta da rigakafi, sai dai a gano ta da wuri.

Da zan tafi, ƙawar Inna ta raka ni har bakin hanya, ta rage murya. Ta ce 'yarta ta biyu, wadda ke aure a Tsamiya, ta daɗe tana jin wani abu a hammata, mijin ya ce a bari a gama girbi. Na tambayi unguwar, ta kwatanta min. Ɗan kabu-kabun ya ce ya san gidan, kusa da injin niƙa ne. Na ce to can za mu fara tsayawa, ina da magana da maigidan.