Tsohuwar Kyamarata da Fuskokin Mutanenmu



A cikin akwatin da nake ajiye takardun Maigida, wato wasiƙu da rajistar aure da ta rabon gado, akwai wata kyamara ƙirar Pentax K1000. Na saye ta a hannun wani alhaji a nan Garwa a shekarar 1992, watanni kaɗan bayan an ɗora mini aikin magatakarda. Dalilina shi ne, na lura alƙalami yana riƙe sunan mutum, amma ba ya riƙe fuskarsa.

Kamfanin Japan ya ƙera irinta daga 1976 zuwa 1997. Ƙarfe ce da gilashi da ƙananan haƙora irin na agogon wani. Ɗan batirin da ke gindinta aikinsa ɗaya ne, auna haske. Ko ya mutu, tana ɗaukar hoto. In fim mai lamba 100 ne kuma rana ta take, nakan sa ƙofar haske a 16, sauri a 125, hoto ya fito tas. Sai dai ba ta da makunni: muddin marfin idonta yana buɗe, batiri yana ci. Na yi asarar batira da dama kafin na gane haka.

Ƙasarmu ba ta tausayin irin wannan kaya. Da hunturu ƙura takan shiga ko'ina, kuma wanda ya goge gilashi da bakin rigarsa ya karce shi har abada. Sai an fara hure ƙurar, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, yana ɓata launin fim, don haka a firjin maƙwabci nake ajiye nawa. Da damina kuwa, laimar da ke tasowa daga Binuwai takan haifar da funfuna cikin gilashi, shi ya sa ba na kulle ta a jakar fata. Duk wata nakan fito da ita in harba ta sau da yawa ba fim, domin man da ke cikinta kada ya daskare.

Sau ɗaya ta ba ni kunya, kuma laifina ne. Ranar wani naɗin sarauta a unguwarmu na ɗauki hoto 36 cif. Da aka wanke, kowanne da jan zane kamar wuta ta lashe shi. Ashe soson da ke toshe bakin murfin baya ne zafi ya narkar, haske ya riƙa satar hanya. Na ga yana manne mini a yatsa tun da daɗewa, na yi sakaci. Na je gaban Maigida kaina a sunkuye. Abin da ya ce kawai shi ne: "Malam, abin da aka ba ka amana, duba shi kafin ranar buƙata." Na kankare soson, na shimfiɗa baƙin zaren ulu a gurbinsa, kuma har yau bai sake faruwa ba.

Da darajar sefa ta faɗi da rabi a Janairun 1994, fim ya yi tsada ƙwarai. Wannan ya koya mini haƙuri: ba na dannawa sai na tabbata. Yau kuwa wahalar ta fi ta da. Masu wankin hoton da na sani sun koma aikin kwamfuta, fim sai an yi saƙo daga nesa, wankinsa ma sai an aika. Yarana sukan ce, "Baba, wayarka ta fi ta komai." A sauri da sauƙi, gaskiyarsu.

To, amma bara wata yarinya ta zo zaure da mijinta. Mahaifinta ya rasu tana goye. Hotunansa da suka rage ambaliyar 2012 ta cinye, waɗanda aka kwafa a waya kuma sun tafi tare da wayar. Na duba rajista, na sami ranar ɗaurin auren iyayenta, na zaro ambulan mai wannan kwanan wata. Na ɗaga baƙin fim ɗin ga hasken ƙofa, ga shi nan zaune a layi na biyu da hularsa. Da hoton ya fito na miƙa mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe hancinsa ne da ni." Ranar na yarda cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Mu Hausawan Garwa kakanninmu fatauci da malanta suka kawo su, daga Kano da Katsina da sauran garuruwa. Muna zaune lafiya da Fulani da sauran maƙwabta, amma ba mu da wani gidan ajiyar tarihi na kanmu. In ba mu adana ba, ba wanda zai adana mana.

Saboda haka ina roƙonku: wanda ke da tsofaffin fina-finan hoto a gida, kada ya zubar. A sa su a ambulan, a nisanta su da laima da rana, a rubuta suna da shekara tun masu gane fuskokin suna raye. Ni dai na fara koya wa ƙaramin ɗana yadda ake ɗura fim. Hannunsa yana rawa tukuna, kamar yadda nawa ya yi a 1992.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amana.