Daga Kumasi Zuwa Tema Neman Motar Alfarma Ta Hannu

Kakanninmu da suka riƙa bin hanyar Gwanja fataucin goro sun san abu guda game da doki, watau sayensa na rana ɗaya ne, amma dawa da ciyawa da kanwa na kullum ne. Yau ingarma ya koma mota, lissafin kuwa bai sake ba. A 'yan shekarun nan idon jama'armu ya faɗa kan wata irin motar alfarma, wadda ba jif ba ce sosai, ba kuwa ƙaramar mota ba. Sabuwarta ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, don haka kowa ta hannu yake hange, irin wadda aka hau a ƙasar waje aka kawo, wadda a nan ake ce wa hom-yus. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba ku labarin wuraren da ake cinikinta, ko wani ya amfana kafin ya zuba guminsa.

Bari mu fara bayyana ko wace iri ce. Jif ta ainihi, kamar Land Cruiser, ana ɗora gangar jikinta a kan wani ƙashin ƙarfe mai kama da tsani, shi ya sa take jure dutse da rami. Ita kuwa wannan ruwa biyu ce, kamar alfadari tsakanin doki da jaki. Ginin ƙaramar mota gare ta, jiki da ƙashi a haɗe, sai dai an ɗaga ta daga ƙasa, an faɗaɗa cikinta, an sa mata kujerun fata. Kamfanin Toyota na Japan yana cikin waɗanda suka fara fito da irinta, watau Lexus RX, cikin 1998, sa'an nan Jamusawa da sauransu suka kawo nasu. Tana da daɗin zama, tana haye gargada, amma fa ba motar daji ba ce.

Mu uku muka yi tafiyar. Akwai wani Alhaji, dattijon unguwarmu mai cinikin hatsi, wanda ciwon ƙugu ya fara damunsa, ga shi kuwa ba ya wata biyu bai je Tamale ko Salaga ba. Shekara 4 ya yi yana tara kuɗin nan, ya kuma ce ba zai taɓa jari ba, ba zai ci bashi ba. Akwai makaniki, ɗan zangonmu, sai mu da aka ɗora wa riƙon alƙalami da lissafi.

Zangonmu na fari bai fitar da mu daga Kumasi ba. Makaniki ya ce, "Baba Alhaji, kafin a ga amarya a fara ganin danginta." Sai ya kai mu Magazin ta Suwame, a arewacin gari, bakin hanyar Teciman. An ce mata Magazin ne domin a zamanin Turawa masu sana'ar sun fara zama kusa da ma'ajiyar makaman soja, da suka ƙaura sai sunan ya biyo su. Wanda bai taɓa shiga ba, ba zai gane girmanta ba. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da mai, ƙarar guduma ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi, ga injuna an tsiba kamar doya a kasuwa, ga yara masu koyon aiki suna kai da kawowa da sufana a hannu.

Muka bi rumfa rumfa muna tambayar kuɗin abu huɗu na kowace irin mota: fitilar gaba, da famfon ruwa, da kayan birki, da inji sukutum. Nan muka ga abin da ya daidaita mana shawara. Injin tsofaffin RX 350 mai tukunya 6 ne, lita 3.5, danginsa ɗaya da wanda ke cikin waɗansu Camry da Highlander da Avalon da Venza, saboda haka kusan kowane layi akwai kayansa, akwai kuma wanda ya san ciwonsa. Waɗansu na Turai kuwa, kayansu sai rumfa ɗaiɗai, kuɗin ma ninki ne. A cikinsu akwai masu zama a kan jakunkunan iska maimakon sifirin, in jakar ta huje sai ka ga mota ta durƙusa kamar raƙumi. Mun gan su a jere, ƙura ta rufe su, masu su sun kasa fansarsu. Ba kushe su muke yi ba, dawakan sarakuna ne, amma dokin sarki sai bargar sarki.

A nan muka raba kuɗin Alhaji kashi 10. Kashi 7 na saye, kashi 3 kuwa muka bar su a banki, inda zaƙin bakin dillali ba zai kai gare su ba.

Kashegari da asuba muka kama hanyar Ankara, babban birnin Gana, tafiyar wajen kilomita 250. Muka wuce Ejisu da Konongo, gonakin koko da ayaba dama da hagun, har muka iso Nkawkaw, inda duwatsun Kwahu suka tsaya a kan gari kamar ganuwa. Daga nan sai Suhum, sai Nsawam da masu tallan burodinta, sai gadar Fokuwase mai hawa huɗu da aka buɗe cikin 2021. Tun daga Acimota muka fara ganin abin da ya kawo mu: filaye a bakin titi an kewaye da waya, motoci cike, an wanke su suna ɗaukar ido.

Muka sauka a Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarnin da ya wuce. Masaukin ya yi mana daidai, gama Abose Okai, babbar kasuwar kayan mota ta Ankara, tana maƙwabtaka da shi. Da la'asar muka zaga ta, muka sake tambayar abubuwan nan huɗu, amsar ba ta saɓa da ta Magazin ba. To, shaida biyu ke nan.

Kwana biyu muka yi muna bin filayen motoci, daga Acimota zuwa Lafas har titin Spintex. Mota uku za mu ba ku labarinsu. Ta farko baƙa ce wul, tana ƙyalli, kuɗinta ya yi sauƙi har Alhaji ya fara murmushi. Da aka buɗe ƙofa sai ƙanshin turare ya buge mu. Makaniki bai ce kome ba, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga zanen laka a jiki. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga tsatsa a kan kusoshin kujera. Ya ce, "Malam, rubuta, wannan ta sha ruwa." Ku sani, guguwa takan kawo ambaliya a Amurka, kamar Katrina cikin 2005, da Sandi cikin 2012, da Habi cikin 2017, motoci dubbai su nutse. Kamfanonin inshora su biya masu su, su yi gwanjonsu, waɗansu kuwa su haye teku. Ruwan yakan zauna cikin wayoyi da kwamfutar mota, yau lafiya, bayan wata uku fitilu su haukace, giya ta ƙi shiga. Araha ba ta ado.

Ta biyu fara ce, mai ita ya ce ƙirar 2015 ce. A nan muka koyi duban haƙoran mota. Kowace mota tana da lambar jiki mai harafi da alƙaluma 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Na farkonsu yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: J Japan ke nan, 2 Kanada, W Jamus. Na goma kuwa, a motocin da suka fito daga Amurka da Kanada, shi ne shekara: A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015. Muka ƙirga, sai ga B. An sake mata fitilu da hanci ne don ta yi kama da ƙanwarta. Makaniki ya ɗora maganaɗisu a ƙofar baya, ya ƙi kamawa, alamar an cike lotsawa an shafe da fenti. Ya murɗa makulli, fitilar jakar iska ta sitiyari, wadda ya kamata ta kama sa'an nan ta mutu, ba ta kama ba sam. Dillali ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaramin abu ne." Alhaji ya ce, "Ɗana, ƙaramin abu shi ke hana barci." Muka yi sallama.

Kada kuma lambar rajista ta ruɗe ku. Daga 2009 aka fara sa shekara a ƙarshenta, amma shekarar da aka yi rajista ce, ba ta ƙira ba.

A rana ta uku muka nufi Tema, bisa titin da aka shimfiɗa da kankare zamanin Nkrumah, aka buɗe cikin 1965, tsawonsa kilomita 19. Tashar jiragen ruwan kuwa cikin 1962 aka buɗe ta, ita ce ƙofar da yawancin motocin nan ke shigowa. Iskar teku mai gishiri, kwantenoni an ɗora wani kan wani kamar benaye, manyan motoci a jere suna jiran kayan Burkina da Mali da Nijar. Muka zauna da wani wakilin fito, ɗan Nima, ya warware mana lissafin kwastan. Ana ƙiyasta darajar mota da dala, don haka in sidi ya faɗi, kamar yadda ya yi ƙwarai cikin 2022, kuɗin fito sai ya hau. Gwargwadon girman inji, gwargwadon nauyin fito, wadda ta haura shekara 10 kuma akwai tara a kanta. Cikin 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da masu haɗari da waɗanda suka wuce shekara 10, amma gwamnati ta dakatar da aiki da ita a shekarar. Ya kuma tuna mana cewa tun ran 4 ga Agusta 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka a lura da motar da aka juya wa sitiyari.

Gargaɗinsa mafi nauyi a kan takardu ne. Akwai motar da aka sauke da sunan wucewa wata ƙasa, ko aka shigo da ita ta iyakar Togo da izinin 'yan kwanaki, ba a biya mata fito ba, ran da kwastan suka tare ta mai ita ya yi hasara. Akwai kuma ta sata. Cikin 2023 'yan jaridar Kanada suka biyo sawun motocin da aka sace a ƙasarsu har Ankara, kuma irin waɗannan na alfarma ɓarayi suka fi so. Maganin duka ɗaya ne: a kai lambar nan mai 17 wurin kwastan a tabbatar an biya, a kuma sa yaro mai ilmin intanet ya sayo tarihin motar da kuɗi kaɗan. Nan za a ga haɗarin da ta yi, da ko ta nutse, da tafiyar da ta ci.

A wani fili kusa da Tema muka sami ta uku. Ruwan toka ce, fentinta ya dushe, ga ƙarzuwa a gefe, ba mai waiwayarta. Harafi na goma D, daidai da abin da mai ita ya faɗa. Agogonta ya nuna mil 120,000, watau wajen kilomita 193,000, gama da mil Amurka ke ƙirga, tarihinta kuma bai ƙaryata agogon ba. Makaniki ya ce ba zai tashe ta ba sai da safe, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwo. Da gari ya waye ta tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi, ba ƙara. Ya shiga ƙarƙashinta neman tsatsa, don a ƙasashen sanyi gishiri ake zuba wa titi saboda ƙanƙara, yana kuwa cin ƙarfe. Ya jona mata kwamfutarsa, ya hau titi da ita yana sauraron shigar giya, ya dawo ya ce, "Baba Alhaji, a taya."

Ciniki ya kai mu azahar. Mai mota ya yi albarka sau uku, mu kuwa ba mu da abin ƙarawa, gama kashi 7 muka zo da shi. Da ya ga mun miƙe da gaske sai ya sallama. Aka rubuta takarda da shaidu biyu, aka biya ta banki, aka ba dillali la'adarsa a gaban kowa, sa'an nan aka je ofishin lasin aka yi rajista da sunan Alhaji.

To, ga inda kashi 3 ɗin nan suka yi rana. Tayoyinta suna da zane, amma a gefen kowace taya akwai alƙaluma 4 masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, nata sun tsufa, duka huɗu aka sake. Aka juye baƙin mai da man giya, aka sa sabon batir da kayan birki, aka biya inshora da rajista. Kafin mu bar Ankara kashi 2 sun tafi, saura ɗaya na jiran ko-ta-kwana. A hanyar komowa muka auna cinta, muka ga wajen lita 12 take sha a kilomita 100, alhali ƙaramar mota takan tsaya a 7 ko 8. Wannan shi ne dawa da ciyawarta, kullum ne, ba ranar hutu.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda ke da wannan niyya ya fara da Magazin ko Abose Okai kafin filin motoci, ya tafi da makanikinsa na kansa, ba na dillali ba, kada ya yi cinikin biri a sama ta hoton waya. Ya zaɓi dusasshiya mai gaskiya a kan mai ƙyalli mai rufin asiri. In kashi 7 ɗinsa bai isa ba, kada ya taɓa sauran ukun, kada kuma ya taɓa jari. Ya sayi ƙarama, ko ya ƙara haƙurin shekara guda, ba abin kunya ba ne. Mota tana kai mutum kasuwa ne, ba ta kamata ta fitar da shi daga cikinta ba. Mai son ganin lissafin da muka rubuta a tafiyar, yana nan wurin sakataren ƙungiya.