Tsakanin Cibiya da Takarda: Wane Ne Ɗan Dutse?

A shekarar 1987 wani matashin kafinta ya taso daga Gaya ya sauka a Dutse neman sana'a. Bai tsallake iyakar kowa ba, domin a wancan zamani Gaya da Dutse duk a jihar Kano suke. Ran 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni. Kafinta ya yi murna kamar kowa, don aikin ƙofofi da tagogi ya samu. Bai san a ranar ya zama baƙo a garin da yake kwana ba. Ya auri 'yar Limawa, ya gina gida, ya haifi 'ya'ya bakwai. Sai bayan shekara talatin da ɗoriya labarin baƙuncinsa ya iske shi, ta dalilin autarsa.

Yarinyar ta cika dukkan sharuɗɗan shiga babbar makaranta. Ta sami kiredit biyar a jarrabawar NECO, har da Ingilishi da lissafi. Ta zauna jarrabawar JAMB, ta haye makin da ake nema, sunanta ya fito a wata makarantar jiha. Da suka je rajista suka tarar da kuɗin makaranta kashi biyu ne: na 'yan asalin jiha daban, na waɗanda ba 'yan jiha ba daban, na biyun kuwa ya ɗara na farko nesa ba kusa ba. Abin da ke raba su takarda ɗaya ce, wato shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma.

"Baba, ai a nan aka binne cibiyata," in ji ta.

"Haka ne, Auta. Amma ba cibiya suke tambaya ba."

Hanyar samun takardar sananniya ce: mai unguwa ya shaida, dagaci da hakimi su tabbatar, ƙaramar hukuma ta sa hannu. A bisa al'adar da aka saba, asalin uba ake bi. Mai unguwa, wanda shekara da shekaru sahu ɗaya suke salla da kafinta, ya ba shi shawara a asirce: a rubuta sunan gidan kakanta na wajen uwa, magana ta ƙare. Tsohon ya yi shiru, sa'annan ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Amma in ta fara karatu da sauya uba, ban san da me za ta ƙare shi ba."

A nan ne al'amarin ya cancanci kulawar manazarta Hausa, domin ma'anar kalma ce ta sauya. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, wato mai wucewa. Wanda ya zauna, ya yi aure, ya biya haraji, ya halarci suna da jana'iza, baƙuncinsa yakan narke tun kafin jikokinsa su girma. Sunayen unguwannin birnin Kano shaida ne: Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa. Zuriyar waɗanda suka kafa su Kanawa ne a yau, ba mai musu. Ke nan a tunanin gargajiya zama ɗan gari abu ne da ake samu da daɗewa da cuɗanya. Takardar ƙaramar hukuma kuwa ta mayar da "asali" gado tsayayye, wanda shekarun zama ba sa ƙara masa komai.

Tsarin Mulki na 1999 shi kansa yana magana da baki biyu. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin tarayya, sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda wurin asali. Amma sashe na 147 ya wajabta a naɗa minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta, ba tare da an fayyace wane ne ɗan asali ba. Daga wannan giɓi takardar take samun ƙarfinta.

Adalci ne a faɗi cewa masu kare tsarin suna da hujja. Jigawa na cikin jihohin da hukuma ta lasafta a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilmin boko, waɗanda ake ware wa kashi 20 cikin ɗari na guraben jami'o'in tarayya, bayan kashi 45 na cancanta da 35 na yankin da jami'a take. Jihar da ke tallafa wa makarantunta da ɗan abin da ke hannunta tana da ikon fifita mutanenta. Tambayar ita ce su wane ne mutanen nata. A kwalejojin gwamnati na jihohin Amurka ma akwai kuɗi kashi biyu, sai dai ma'auninsu zama ne: a galibin jihohi, wanda ya shekara guda da niyyar zama ya shiga sahun 'yan gida. Kafinta ya shekara fiye da talatin.

A ƙarshe uba da 'ya suka hau mota zuwa Gaya, garin da ta taɓa zuwa sau biyu a rayuwarta. Wani dattijo da ya san kakanta ya tsaya mata, aka ba ta takarda mai cewa ita 'yar can ce. Uwarta ta sayar da awakinta uku aka cika kuɗin sahun baƙi, ta yi rajista.

A ajinsu, duk wanda ya zo daga wata jiha ita yake tambaya inda ake samun dabino mai kyau a Dutse, da unguwar da haya ke da sauƙi. Takan kwatanta musu, lungu-lungu.